Yadda Ake Zaɓen Kifin Bogi da Aiki da Shi Wajen Kamun Kifin Tela a Gaɓar Tekun Ostareliya

Masu karatu da dama sun yi ta aiko da tambaya iri ɗaya. Mutum ya sayi sanda da injin naɗi, ya je bakin teku, yana kallon na kusa da shi suna ta fito da kifin tela da ɗan guntun ƙarfe mai ƙyalli, shi kuwa ya yi ta jifa har kafaɗa ta yi tsami bai samu ko ɗaya ba. Wani kuma ya samu cizon, amma kifin ya datse zaren ya tafi da kayan. Duka matsalolin biyu suna da magani, kuma yawancinsa tun daga gida ake haɗa shi.

Kifin da ake magana a kai shi ne wanda mutanen Ostareliya ke kira tailor, wato tela, saboda haƙoransa suna yanka kamar almakashi. Shi ne bluefish a Amurka, shad ko elf a Afirka ta Kudu, tassergal a gaɓar Senegal da Muritaniya. Garke-garke yake yawo, yana farautar ƙananan kifaye irin su sadin, kuma da ido yake farauta, da gudu. Kifin bogi kuwa shi ne abin da aka ƙera da ƙarfe ko roba ko katako ya yi kama da ƙaramin kifi, aka rataya masa ƙugiya. Ga matakan bi da bi.

1. Fara da doka

Kowace jiha da nata ƙa'idojin. A Queensland ba a riƙe telan da bai kai santimita 35 ba, kuma ba a wuce guda 20. A New South Wales santimita 30 ne, guda 20. A Yammacin Ostareliya santimita 30 ne, guda 8, kuma biyu kacal daga ciki ne za su iya wuce santimita 50. New South Wales tana karɓar kuɗin izinin kamun kifi: dalar Ostareliya 7 na kwana uku, dala 14 na wata ɗaya, dala 35 na shekara. Queensland ba ta neman izini a ruwan teku. Ana sauya waɗannan lambobi lokaci zuwa lokaci, saboda haka ka leƙa shafin hukumar kifi ta jiharka kafin ka fita.

Gargaɗi: a tsibirin K'gari na jihar Queensland, wanda a da ake kira Fraser Island, ana hana kamun kifi tsakanin wuraren da ake kira Indian Head da Waddy Point daga farkon Agusta zuwa ƙarshen Satumba, domin nan ne garken ke taruwa su yi ƙwai. 

2. Sanda, injin naɗi da zare

Idan daga kan rairayi ko duwatsu za ka yi jifa, nemi sanda mai tsawon mita 2.7 zuwa 3. A jikin kowace sanda, kusa da mariƙi, an rubuta nauyin da za ta iya jefawa. Ɗauki wadda aka rubuta mata wajen giram 20 zuwa 60. Sanda mai tsawon mita 3.6 zuwa sama, irin ta masu sa danyen sadin a ƙugiya su jefa su zauna jira, ba ta dace da wannan aikin ba. Kai za ka yi jifa sau ɗari ko fiye a fita ɗaya, kuma nauyinta zai karya maka hannu tun kafin kifi ya iso.

Injin naɗi ya zama mai lamba 4000 zuwa 6000. Abin da ya fi girmansa muhimmanci shi ne saurinsa. Duba kwalin: kana son wanda ke naɗe santimita 90 zuwa sama a juyi ɗaya na hannu, wanda galibi ake rubuta masa 6 da ɗigo wani abu bisa 1. Da inji mai nawa, ko ka juya har gumi ya karyo, ƙarfen ba zai yi gudun da ke tunzura tela ba.

Zare kuma saƙaƙƙe, mai ƙarfin laba 15 zuwa 20, wato kilo 7 zuwa 9, mita 200 zuwa sama. Siriri ne, yana tafiya nesa, ba ya miƙewa, don haka ko taɓi kaɗan za ka ji a hannunka. Kada ka cika kwarkwaron taf. Bar kamar milimita 2 daga baki, in ba haka ba zaren zai zubo a dunƙule ya cukurkuɗe a jifa ta farko.

Sanda da inji masu matsakaicin inganci za su ci wajen dala 150 zuwa 300 a haɗe, zare kuma dala 30 zuwa 60. Idan kuɗin bai isa duka ba, rage a sanda ka ƙara a inji, domin shi ne gishiri da yashi suka fi saurin kashewa.

A cikin kogi ko tafkin da ke haɗe da teku, kamar kogin Swan a Perth, sanda mai mita 2.1 da inji mai lamba 2500 da zare mai laba 8 zuwa 10 sun wadatar.

3. Zaɓen kifin bogi

Nan ne mutane suka fi ɓarnar kuɗi. Shago cike yake da launuka, amma iri uku ne kawai ke da amfani ga tela, kuma na farkon shi kaɗai zai yi maka kashi mafi yawa na aikin.

Na farko shi ne ƙarfe zalla: ɗan dogon guntu mai nauyi da aka shafe da ruwan azurfa. Halco Twisty, na wani kamfani da ke Fremantle, da Spanyid Raider su ne aka fi gani a hannun masu kamun tela. Kowanne bai cika wuce dala 8 zuwa 15 ba. Amfaninsa uku ne: yana keta iska ya je nesa, haƙori ba ya yi masa komai, kuma idan ya ɓace ba ka yi babbar asara ba. Nauyin da za ka ɗauka ya danganta da wurin:

- cikin kogi da tafki: giram 10 zuwa 20
- gaɓar rairayi idan teku a kwance take: giram 30 zuwa 40
- idan iska na bugowa daga teku, ko garken na can bayan inda igiyar ruwa ke karyewa: giram 55 zuwa 70, muddin sandarka za ta ɗauka

Ga kuskuren da ya fi yawa: mutum ya zaɓi nauyi saboda nisa kawai, ya manta da girman abin da kifin ke ci a ranar. Idan garken ya sa ƙananan kifaye masu tsawon ɗan yatsa a gaba, za ka iya wuce masa da ƙarfe mai giram 70 ta gaban hanci sau goma bai kula ba. Duba gefen ruwa, sau da yawa za ka ga ƙananan da suka yi tsalle suka faɗo kan yashi suna gudun mutuwa. Haka kuma telan farko da ka kama yakan amayo abin da ya ci. Auna tsawon ƙarfenka da wannan. Idan dole ka sauko zuwa giram 20 ka rasa nisa, to ka sauko, ka matsa kusa.

Launi bai kai girma muhimmanci ba. Azurfa, ko azurfa mai shuɗin baya, idan ruwa garau yake kuma akwai haske. Ruwan zinare idan ruwa ya gurɓace ko rana ta faɗi. Ya isa.

Na biyu shi ne mai tafiya a saman ruwa. Akwai mai faffaɗan baki kamar ƙoƙo, irin Halco Roosta Popper, wanda ke fantsama ruwa idan an fizge shi, akwai kuma siriri marar baki mai tafiya yana karkata hagu da dama. Tsawon santimita 10 zuwa 13 ya yi. Sun fi tsada, dala 20 zuwa 35, kuma ba su kai ƙarfe nisa ba. Amma a kan duwatsun da ruwa ya ɗan rufe, inda ƙarfe zai nutse ya maƙale, su ne mafita, kuma manyan tela masu koren baya sun fi faɗa musu.

Na uku shi ne mai ɗan harshe a gaba wanda ke nutsewa kaɗan yana kaɗa jiki, irin Rapala X-Rap. Wurinsa cikin kogi, ko jan sa a bayan kwalekwale a hankali.

Na roba mai laushi fa? Tela yana cin sa sosai, sai dai cizo ɗaya ya raba shi da wutsiya. Fakiti guda zai iya ƙarewa cikin minti goma. Bar shi a gida.

Wanda zai fara, ya sayi ƙarfe shida: biyu masu giram 20, biyu masu 40, biyu masu 55, da na saman ruwa guda ɗaya. Biyu-biyu, domin za ka rasa wasu.

4. Canja ƙugiya, ɗaura zaren gaba

Yawancin ƙarafan nan da ƙugiya mai baki uku suke zuwa. Cire ta. Tela idan ya ji ƙugiya yakan yi tsalle sama yana girgiza kai, kuma nauyin ƙarfen da ke lilo a bakinsa shi ke taimaka masa ya fizge ƙananan bakunan nan uku. Ƙugiya guda mai faɗi tana shiga da zurfi ta riƙe a gefen muƙamuƙi. Ga ƙarfe mai giram 20 sa lamba 2/0, ga mai 40 zuwa 55 sa 3/0 ko 4/0. Idan ka haɗa ta da zobba biyu a jere maimakon ɗaya, ƙugiyar za ta riƙa juyawa yadda take so, kifin ba zai samu abin da zai dogara da shi ya ɓanɓare ta ba. Aikin na buƙatar filaya mai ɗan haƙori a baki ta buɗe zobe, wajen dala 15 zuwa 25. Kada ka gwada da farce.

Akwai wata riba: ƙugiya guda ta fi sauƙin cirewa daga bakin da ke cizo, kuma ƙaramin da za ka mayar ruwa ba ya jin rauni sosai. Idan ka matse ƙayar ƙugiyar da filaya, abin ya ƙara sauƙi.

Saƙaƙƙen zare ba ya jure haƙori ko kaifin dutse, saboda haka ana ƙara masa zaren gaba: zaren roba garau mai ƙarfin laba 30 zuwa 40, tsawon mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Haɗa su da ƙullin FG idan ka iya, domin siriri ne yana wucewa ta zobban sanda ba tare da karo ba. Idan ba ka iya ba, ƙullin uni biyu masu fuskantar juna ya wadatar. Jiƙa kowane ƙulli da yawu kafin ka ja shi ya matse, sannan ka gwada shi da ƙarfi tun a gida.

Tambayar waya, wato guntun zaren ƙarfe da ake sawa gaban kifin bogi, kullum sai ta taso. Gaskiya waya tana hana datsewa, amma tana rage cizo, musamman a ruwa garau da rana, kuma tana kashe rawar na saman ruwa. Da ƙarfe mai gudu, tela daga baya yake kamawa, haƙoransa kan ƙarfen da ƙugiyar suke sauka. Fara ba waya. Idan an datse maka sau biyu a jere, sai ka sa guntuwar waya siririya mai tsawon santimita 10 zuwa 15.

Gargaɗi: idan za ka sa majuyi, wato ɗan ƙarfen da ke hana zare murɗewa, sa baƙi ƙarami. Mai ƙyalli yana jan ƴan kumfa a ruwa, wani telan daga cikin garken ya ɗauka abinci ne ya kai masa cizo, ya raba ka da kifin da ka kama da ƙarfen gaba ɗaya. Da yawa daga cikin datsewar da ake ɗora wa kifin da ke ƙugiya, aikin ɗan'uwansa ne.

5. Lokaci da wuri

Lokaci biyu ne: daga ketowar alfijir zuwa sa'a ɗaya bayan fitowar rana, da kuma daga la'asar sakaliya zuwa duhun magariba. Idan ɗayansu ya dace da cikar teku, to ka samu ranar da ake nema. Da tsakar rana garken yakan ja baya zuwa zurfi, sai dai idan akwai hadari ko ruwa ya hargitse. Idan duhu ya rufe sosai kifin bogi yana rage tasiri, a nan danyen sadin a jerin ƙugiyoyi ya fi shi, babu musu.

A gabashin ƙasar lokacin sanyi ne kakarsa, garken na haurawa arewa har su taru a K'gari daga wajen Yuli zuwa Oktoba. A Perth kuwa lokacin zafi aka fi samunsa, da yamma, idan iskar teku ta taso ta motsa ruwan.

A gaɓar rairayi, hau tudu ka karanta ruwan kafin ka sauka. Inda igiyar ruwa ke karyewa ta yi fari, tudun yashi ne a ƙasa. Inda ruwan ya yi duhu, kore ko shuɗi, ya kwanta tsakanin tudun da gaɓa, kwari ne. Nemi kwarin da ke da mafita zuwa teku, wanda kumfa daga tudun ke malalowa ta rufe gefensa. Ƙarƙashin wannan kumfar tela ke laɓewa. A kan duwatsu ma haka ne: farar kumfar da ke komawa bayan igiya ta bugi dutse. Tsuntsayen teku da ke faɗowa ruwa a wuri ɗaya kuwa sun riga sun nuna maka inda garken yake.

Gargaɗi: kamun kifi a kan duwatsu yana cin rayuka a Ostareliya kowace shekara. Tsaya nesa ka kalli ruwan na aƙalla minti 20 kafin ka taka. Dutsen da ka gani a jiƙe, ruwa na zuwa wurin. Sa takalmi mai ƙusoshi da rigar hana nutsewa, wadda doka ta wajabta a wasu yankunan New South Wales, ciki har da Randwick a Sydney. Kada ka je kai kaɗai, kada ka juya wa teku baya.

6. Jifa da naɗi

Bar ƙarfen ya rataya kamar santimita 60 zuwa 80 daga kan sanda. Ɗaure burkin inji, wato abin da ke daidaita ƙarfin da ake buƙata kafin zare ya fita daga kwarkwaro, kafin jifa mai ƙarfi, domin idan kwarkwaron ya zame, saƙaƙƙen zare zai yanka maka yatsa kamar reza. Da ƙarfe mai giram 55 zuwa sama naɗa filasta a yatsan. Bayan jifar ka mayar da burkin yadda kifi zai iya jan zare idan ya yi ƙarfi, wajen kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin zaren.

Kada ka jefa tsakiyar garke. Faɗuwar ƙarfe a kansu tana watsa su. Jefa ka wuce su, ko gefensu, sannan ka jawo ta cikinsu. Da ƙarfen ya kusa taɓa ruwa, tare zaren da yatsa, ka rufe lanƙwasasshen ƙarfen inji da ke tare zare da hannu, ka ja zaren ya miƙe kafin ka fara juyi. Wannan ɗan aikin shi ke hana cukurkuɗewar da ke cinye wa mutane lokacin cizo.

Yanzu naɗi. Ƙirga uku, sunkuyar da kan sanda, ka naɗa da sauri, juyi biyu zuwa uku a daƙiƙa. Sabon shiga kusan kullum a hankali yake naɗi, yana tsoron kada kifin ya kasa cim masa. Ba za ka tsere wa tela da hannu ba. Ƙarfe mai tafiya a hankali yana ba shi damar ya duba ya gane. Mai gudu ba ya ba shi lokacin shawara. Iyakar saurin ita ce inda ƙarfen ya fara fitowa yana tsalle a sama ba tsayawa, sai ka ɗan sassauta.

Idan jifa biyar ta wuce shiru, kada ka yi saurin canja ƙarfe, canja zurfi. Ƙirga shida kafin ka fara naɗi, sannan goma. Idan ƙasan duwatsu ne, tsaya a ƙirga kaɗan. Bayan haka gwada tsayawa: juyi goma da gudu, tsayawar daƙiƙa ɗaya, ka ci gaba. Sau da yawa a daidai tsayawar nan, ƙarfen na faɗuwa yana walƙiya, cizon ke zuwa. Sai duk wannan ya gaza za ka rage girma. Idan minti 15 ta wuce babu ko taɓi, tashi ka koma kwari na gaba. Mai kifin bogi da ƙafa yake nema.

Na saman ruwa kuwa, fizga gajere da kan sanda, naɗe ragowar zaren, ka sake, ba tare da dogon jira ba. Za ka ga kifin ya fashe ruwa a bayansa ya kuskure. Kada ka fizge, ci gaba da yadda kake yi, zai dawo ko wani ya karɓa.

7. Daga cizo zuwa tudu

Idan ka ji nauyi, ci gaba da naɗi ka ɗaga sandar a natse. Gudun ƙarfen ya riga ya soka ƙugiyar, fizga mai ƙarfi sai dai ta yaga bakin. Daga nan doka ɗaya ce: kada zaren ya yi sako-sako ko na ƙiftawar ido. Idan ka ga zaren na tasowa sama, tsalle zai yi, sai ka kwantar da sandar gefe kusa da ruwa kana naɗi.

A bakin gaɓa aka fi rasa kifi. Kada ka ja shi lokacin da ruwa ke komawa, ƙarfin ruwan da naka za su haɗu su ɓalle ƙugiyar. Riƙe shi a wurin, jira igiya ta gaba, ka ja da baya tare da ita ta ajiye maka shi kan yashi.

Bayan kowane kifi, bi zaren gaba da yatsu. Idan ka ji kaushi ko ƙarzuwa, yanke wurin ka sake ɗauri, ko da garken na gabanka yana tafasa. Minti ɗaya ne.

8. Cire ƙugiya da adana kifin

Kama shi ta bayan kai da jiƙaƙƙen tsumma, ka cire ƙugiyar da dogon filaya. Yatsa ba ya zuwa kusa da bakin tela, ko ƙarami ne, ko ya yi kamar ya mutu. Auna shi nan take. Wanda bai kai ba a mayar da shi da jiƙaƙƙen hannu.

Wanda za ka riƙe, buga masa a ka ya mutu, ka yanka maƙogwaronsa ta ƙarƙashin kunnuwa jinin ya tsiyaye, sannan ka tsoma shi cikin kula mai ƙanƙara kashi biyu, ruwan teku kashi ɗaya. Namansa laushi ne da shi, ga maiƙo. Telan da aka bari kan yashi da jininsa sa'a biyu zai yi ƙarni ya saki, shi ya sa wasu ke cewa ba shi da daɗi. Wanda aka yi wa yadda aka faɗa, aka soya ko aka gasa a ranar ko washegari, nama ne mai kyau. Firiza tana lalata shi, yakan zama kamar dusa idan ya narke, don haka ɗauki abin da gidanka zai ci cikin kwana biyu. Idan ya yi yawa a yi bandarsa, maiƙonsa ya dace da hayaƙi.

Da ka koma gida, ɗaure burkin inji ka ɗauraye shi da ruwan famfo a hankali, ba da matsi ba, sannan ka sassauta burkin ka bar shi ya bushe. Ƙarafan da ka yi aiki da su ka wanke su ka shanya daban kafin su koma akwati, domin ɗaya mai gishiri zai sa wa sauran ƙugiyoyin tsatsa cikin mako guda.